Daga Lancaster zuwa Kariba: Tarihin Cinikin Kundin Tsarin Mulkin Zimbabuwe

Rigimar kundin tsarin mulki a Zimbabuwe ta girmi dukkan jam'iyyun da ke yin ta. Tushenta ƙasar noma ce, da kuma wanda ke da ikon rubuta doka a kanta.

A shekarar 1888 wakilan Cecil Rhodes suka je fadar Lobengula, sarkin Ndebele, suka samu ya sa hannu a takardar da aka fi sani da yarjejeniyar Rudd, wadda ta ba su izinin haƙar ma'adinai. An ruwaito cewa sun yi masa alkawari da baki cewa Turawan da za su zo haƙa ba za su wuce goma ba, sai dai wannan magana ba ta cikin takardar. Da Lobengula ya gane abin da aka ƙulla, ya aika wa Sarauniya Biktoriya cewa an yaudare shi. Bai hana komai ba. A 1889 kamfanin Rhodes ya samu lasisin gwamnatin Birtaniya, a watan Satumba na 1890 ayarinsa ya kafa tuta a wurin da ya zama Salisbury, wato Harare ta yau, a 1893 kuma aka rushe mulkin Ndebele da bindiga mai jigida.

Shona da Ndebele sun yi bore a 1896 zuwa 1897, aka murƙushe su. Cikin waɗanda aka rataye a 1898 har da wata mata mai suna Charwe, wadda Shona ke ɗauka cewa ruhin Nehanda yana magana ta bakinta. Shari'arta da ratayarta suna rubuce. Abin da ake faɗa a baki shi ne kafin a rataye ta ta ce ƙasusuwanta za su sake tashi, kuma mayaƙan shekarun 1970 sun riƙe wannan zance ƙwarai, suna cewa su ne ƙasusuwan.

Daga 1923 Birtaniya ta bar wa Turawa 'yan kaka-gida mulkin cikin gida na Rodeshiya ta Kudu. Dokar rabon ƙasa ta 1930 ta ware musu kusan rabin ƙasar, mafi albarkarta, alhali ba su kai mutum ɗaya cikin ashirin ba. Kundin 1961 ya yi kujeru 65, aka tsara sharuɗɗan dukiya da ilimi yadda baƙar fata za su tashi da 15. Joshua Nkomo, jagoran 'yan kishin ƙasa baƙar fata, ya halarci taron da ya haifi wannan kundi, da farko ya nuna kamar ya yarda, da ya ga fushin magoya bayansa sai ya janye. Ian Smith kuwa, jagoran Turawa 'yan kaka-gida, ko wannan ɗan sassauci ya ga ya yi yawa. Ranar 11 ga Nuwamba 1965 ya ayyana 'yancin kai ba da yardar Landan ba, kundinsa na 1969 kuma ya toshe hanyar mulkin masu rinjaye gaba ɗaya. Abin da ya biyo baya yaƙin sunƙuru ne, ZAPU ta Nkomo daga Zambiya, ZANU, wadda jagorancinta ya koma hannun Robert Mugabe, daga Mozambik.

1979: Gidan Lancaster

Da yaƙi ya ci tura, Smith ya nemi mafita a cikin gida. Ya shirya da Bishop Abel Muzorewa a 1978, aka yi zaɓe, a watan Yuni na 1979 Muzorewa ya zama firaminista, amma soja da 'yan sanda da kotuna suna hannun Turawa. Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta so ta amince da wannan gwamnati. Ƙasashen Afirka suka ƙi, kuma a nan Najeriya ta taka rawa: ana jajibirin taron ƙasashe rainon Ingila a Lusaka, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP. A Lusaka aka amince a kira kowa da kowa Landan.

Taron ya buɗe ranar 10 ga Satumba a Gidan Lancaster, Lord Carrington na shugabanta, aka sa hannu ranar 21 ga Disamba. Duk wanda zai fahimci abin da ya biyo baya na shekara arba'in, to ya dubi sharuɗɗa biyu masu wa'adi da aka saka a kundin. Na farko, kujeru 20 cikin 100 na majalisa na Turawa ne zalla, ba a taɓa su sai bayan shekara bakwai. Na biyu, har shekara goma gwamnati ba za ta karɓi gonar da ake nomawa ba sai mai ita ya yarda ya sayar. Mugabe da Nkomo sun kusa ficewa kan batun gona. Su da mutanensu sun daɗe suna cewa Birtaniya da Amurka sun ba su tabbacin kuɗin sayen gonakin, shi ya sa suka zauna, amma babu wani adadi da aka rubuta a yarjejeniyar. Abin da ya ƙara danne Mugabe shi ne mai masaukinsa, Samora Machel na Mozambik, wanda ƙasarsa ta gaji da hare-haren Rodeshiya, ya nuna masa cewa in ya ƙi sa hannu babu sauran sansani.

A zaɓen Fabrairu 1980 ZANU-PF ta samu kujeru 57, ZAPU 20, Muzorewa 3. Ranar 18 ga Afrilu aka samu 'yanci, Mugabe firaminista, Canaan Banana shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka.

1987: wa'adin farko ya cika

Mugabe bai karya sharuɗɗan Lancaster ba. Ya jira su ne, kuma ya yi amfani da lokacin jiran wajen gamawa da abokin hamayyarsa. Daga 1983 aka tura runduna ta biyar, wadda Koriya ta Arewa ta horar, yankin Matabeleland da Midlands da sunan farautar 'yan tawaye. Kisan da aka yi, wanda ake kira Gukurahundi, ana yawan ƙiyasta shi da mutum 20,000, galibinsu fararen hula Ndebele. Ranar 22 ga Disamba 1987 Nkomo ya sa hannu a yarjejeniyar haɗin kai, ZAPU ta narke cikin ZANU-PF. Ana kiran wannan sulhu, amma sulhun wanda aka riga aka kayar ne.

A wannan shekara aka soke kujerun Turawa, aka soke muƙamin firaminista, aka ƙirƙiro shugaban ƙasa mai cikakken iko ba tare da iyakar wa'adi ba. Ba da jimawa ba aka rushe majalisar dattawa, aka mayar da majalisa guda mai kujeru 150, inda 30 ba talakawa ke zaɓensu kai tsaye ba, galibinsu daga hannun shugaban ƙasa suke fitowa. Kafin a yi ritaya da kundin Lancaster an yi masa gyara sau 19, kuma mafi yawan gyare-gyaren hanya ɗaya suka nufa, wato fadar shugaban ƙasa.

2000: ranar da aka ce a'a

Matsin tattalin arziki na shekarun 1990 ya haɗa ƙungiyoyin ƙwadago da coci-coci da lauyoyi da ɗalibai. A 1997 suka kafa ƙungiyar NCA don neman sabon kundi wanda jama'a za su rubuta, Morgan Tsvangirai, sakataren ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya shugabance ta. Mugabe ya ga abin na neman kuɓuce masa, sai ya riga su. A 1999 ya naɗa kwamiti mai mutum kusan 400 ƙarƙashin Mai Shari'a Godfrey Chidyausiku. Kwamitin ya zaga ƙasa, jama'a suka ce a rage ikon shugaba. Daftarin da ya fito ya sa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, amma ƙidaya za ta fara ne daga sabo, wato Mugabe na iya ƙara shekara goma. Aka kuma cusa sakin layin da ya halatta karɓe gonaki ba diyya, in akwai biya Birtaniya ta biya. Birtaniya kuwa tun Nuwamba 1997 ministarta Clare Short ta rubuto cewa sabuwar gwamnatinsu ba ta ɗauki wannan a matsayin nauyin da ke kanta ba.

A watan Satumba na 1999 aka kafa jam'iyyar MDC, Tsvangirai na jagora. A ƙuri'ar raba gardama ta 12 da 13 ga Fabrairu 2000, kusan kashi 55 cikin ɗari suka ƙi daftarin. Shi ne karo na farko da ZANU-PF ta faɗi a akwati. Mugabe ya fito talabijin ya ce ya karɓi hukuncin jama'a, amma cikin 'yan kwanaki 'yan mazan jiya ƙarƙashin Chenjerai Hunzvi suka fara mamaye gonakin Turawa, a watan Afrilu kuma majalisa ta saka batun gonar nan cikin tsohon kundi a matsayin gyara na 16. Har yau 'yan Zimbabuwe na gardama ko 'yan adawa sun yi daidai. Sun kunyata Mugabe, gaskiya ne. Amma sun koma ƙarƙashin kundin da ba shi da iyakar wa'adi ko kaɗan, shi kuma ya ɗauki abin da yake so daga daftarin ya bar musu sauran. A zaɓen Yuni MDC ta ci kujeru 57 cikin 120 da aka yi takara, duk da dukan da aka yi wa magoya bayanta.

Shekarun da suka biyo na zama ne ana tashi baram-baram. An yi yarjejeniyar Abuja kan gonaki a Satumba 2001, ba ta yi aiki ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2002, wanda tawagar ƙasashe rainon Ingila ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar ta ce bai nuna zaɓin jama'a cikin 'yanci ba, an dakatar da Zimbabuwe daga ƙungiyar. Farfesa Adebayo Adedeji na Najeriya da Kgalema Motlanthe na Afirka ta Kudu suka zaunar da jam'iyyun biyu, zaman ya watse cikin makonni. A taron Abuja na Disamba 2003 Mugabe ya fice daga ƙungiyar ɗungurungum. A 2005 ya maido da majalisar dattawa, gardamar shiga zaɓenta ko ƙaurace masa kuma ta raba MDC gida biyu, ɓangaren Tsvangirai da ɓangaren Welshman Ncube da Arthur Mutambara.

2007: Mbeki da daftarin Kariba

Ranar 11 ga Maris 2007 'yan sanda suka tarwatsa wani taron addu'a a unguwar Highfield ta Harare, suka lakaɗa wa Tsvangirai duka. Hotonsa da kumburarriyar fuska ya zaga duniya. A ƙarshen watan, shugabannin SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, suka haɗu a Darussalam, suka ɗora wa shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki aikin shiga tsakani. Daga nan aka fara tattaunawa ta gaske: Patrick Chinamasa da Nicholas Goche daga ZANU-PF, Tendai Biti da Welshman Ncube daga ɓangarorin MDC, daga baya aka ƙara Elton Mangoma da Priscilla Misihairabwi-Mushonga.

Abu biyu suka fito. Na farko gyara na 18, wanda a watan Satumba jam'iyyun suka haɗu suka zartar a majalisa. Ya haɗe zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa a rana ɗaya, ya ƙara kujerun wakilai zuwa 210. Tsofaffin abokan MDC a NCA, ƙarƙashin Lovemore Madhuku, suka kira wannan cin amana, domin an daɗe da alkawarin ba za a ƙara yi wa kundin Lancaster faci ba. Na biyu cikakken daftarin kundi da wakilan suka rattaba wa hannu a Kariba ranar 30 ga Satumba, a ɓoye, ana cewa ma a cikin jirgin ruwa a kan tafkin Kariba. MDC ta fahimci cewa za a kafa wannan kundi kafin zaɓe. A watan Janairu 2008 Mugabe ya sa ranar zaɓe shi kaɗai, 29 ga Maris, ya bar daftarin a aljihun tebur.

Sai dai cikin ƙananan gyare-gyaren dokar zaɓe da aka amince da su akwai guda da ya fi daftarin Kariba duka tasiri: a liƙa sakamako a ƙofar kowace rumfar zaɓe. 'Yan adawa suka bi rumfuna suna ɗaukar hoto suna tarawa. ZANU-PF ta rasa rinjaye a majalisar wakilai karo na farko tun 1980. Sakamakon shugaban ƙasa kuwa aka riƙe shi fiye da wata guda, sai 2 ga Mayu aka ce Tsvangirai na da kashi 47.9, Mugabe 43.2, dole a je zagaye na biyu. Tsakanin zagayen biyu aka saki 'yan daba da jami'an tsaro a karkara, aka kashe mutum wajen 200. Tsvangirai ya janye ranar 22 ga Yuni ya fake a ofishin jakadancin Holan, Mugabe ya yi takara shi kaɗai.

Nasarar ba ta ciyu ba. Hauhawar farashi a hukumance ta kai kashi miliyan 231 cikin ɗari a watan Yuli, shaguna babu kaya, kwalara ta ɓarke ta kashe fiye da mutum 4,000. Ko masu sa ido na Afirka sun ƙi wanke zagaye na biyu. Ranar 15 ga Satumba 2008 Mugabe da Tsvangirai da Mutambara suka sa hannu a yarjejeniyar raba iko a Harare. Sai da aka ƙara wata biyar ana jan-in-ja kan ma'aikatu kafin gyara na 19 ya wuce, Tsvangirai ya sha rantsuwar firaminista ranar 11 ga Fabrairu 2009. Rabon ya nuna inda ƙarfi yake. ZANU-PF ta riƙe tsaro da shari'a da yaɗa labarai da harkokin waje da ma'adinai, aka yi tarayya a ma'aikatar cikin gida mai kula da 'yan sanda, aka miƙa wa MDC kuɗi da lafiya da ilimi, wato ma'aikatun da suka durƙushe.

2009 zuwa 2013: COPAC

Sashe na 6 na yarjejeniyar ya ce majalisa ta kafa kwamitin rubuta sabon kundi cikin kimanin wata 18. Kwamitin, COPAC, yana da mutum 25 da shugabanni uku: Paul Mangwana na ZANU-PF, Douglas Mwonzora na ɓangaren Tsvangirai, Edward Mkhosi na ɗaya ɓangaren. Babban taron farko a Yuli 2009 magoya bayan ZANU-PF suka hargitsa shi da waƙe-waƙe da jifa da robobin ruwa. A 2010 aka fita jin ra'ayin jama'a, aka yi taruka kusan 5,000, mutum fiye da miliyan ɗaya suka halarta. Adadin na da ban sha'awa, amma masu sa ido sun ba da rahoton cewa a ƙauyuka da dama an riga an zaɓi masu magana an haddace musu amsa, sauran aka ce su yi shiru. MDC ma ta koya wa nata abin faɗa. Da aka tattara bayanan, kowace jam'iyya ta ce ita jama'a suka goya wa baya, har aka yi watanni ana musu kan ko yawan maimaita magana za a ƙirga ko nauyinta.

Ƙwararru uku, Mai Shari'a Moses Chinhengo da Priscilla Madzonga da Brian Crozier, suka tsara rubutun, daftari ya fito a Yuli 2012 da sa hannun wakilan kowa. Kwamitin ƙoli na ZANU-PF ya zauna ya dawo da tarin gyare-gyare da suka maido wa shugaban ƙasa kusan duk abin da aka rage masa. Jacob Zuma, wanda ya gaji aikin shiga tsakani, ya fi Mbeki taurin kai da Mugabe, SADC ta dage ba zaɓe sai da sabon kundi. Ranar 17 ga Janairu 2013 shugabannin jam'iyyu suka rufe ƙofa suka daidaita. Aikin da aka fara da sunan jama'a ya ƙare a hannun mutane ƙalilan.

Kundin da ya fito ba abin rainawa ba ne. Ya sa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kafa kotun tsarin mulki, ya faɗaɗa babin haƙƙin ɗan'adam, ya amince da harsuna 16, ya ware wa mata kujeru 60 na wani lokaci, ya yi tanadin sauke iko zuwa larduna, ya haramta wa jami'an tsaro bin wata jam'iyya. ZANU-PF ta samu nata: rabon gonaki ya zauna daram, diyya sai ta gine-gine da gyaran da aka yi a gona, kuma an soke kujerar firaminista. Amma ainihin cinikin, kamar a 1979, yana can baya cikin jadawalin wucin gadi. Ƙidayar wa'adi za ta fara daga 2013, sharaɗin da MDC ta ƙi a 2000, ga Mugabe mai shekara 89. Tsarin da ya ce a zaɓi shugaba tare da mataimakansa, na farkonsu ya gaje shi, an ɗage shi shekara goma. Kafin nan, in shugaba ya mutu ko ya sauka, jam'iyyarsa ce za ta kawo magaji.

Ranar 16 ga Maris 2013 fiye da mutum miliyan uku, wajen kashi 94 cikin ɗari, suka ce e, tunda manyan jam'iyyu duka e suke kira. Mugabe ya sa hannu ranar 22 ga Mayu. Daga nan ya yi abin da ya yi a 2008: ya sa zaɓe ranar 31 ga Yuli bisa hukuncin sabuwar kotun tsarin mulki, kafin a gyara dokokin tsaro da na yaɗa labarai su dace da kundin. SADC ta nemi a ƙara mako biyu, kotu ta ƙi. Mugabe ya samu kashi 61, Tsvangirai 34, ZANU-PF ta kama kashi biyu bisa uku na majalisa, adadin da ake buƙata don gyara kundi. Obasanjo ne ya jagoranci masu sa ido na Tarayyar Afirka, suka nuna damuwa kan rajistar masu zaɓe amma suka karɓi sakamakon. A ganina babban kuskuren MDC a shekaru huɗun nan shi ne ta zuba ƙarfinta kan kalmomin kundi, ta bar wa abokiyar zamanta bindiga da rajista da ikon sa rana.

Bayan 2013

Jadawalin wucin gadi ya yi aikinsa, ko da yake ba yadda Mugabe ya zata ba. Da yake mataimaka naɗaɗɗu ne, ya kori Joice Mujuru a Disamba 2014, ya kori Emmerson Mnangagwa ranar 6 ga Nuwamba 2017. Bayan mako guda sojoji ƙarƙashin Janar Constantino Chiwenga suka fito da tankoki. Mugabe ya yi murabus ranar 21 ga Nuwamba ana tsakiyar shirin tsige shi, jam'iyya ta miƙa sunan Mnangagwa kamar yadda jadawalin ya tanada, babbar kotu kuma ta ce abin da soja suka yi bai saɓa wa kundi ba. Tsvangirai ya rasu a Fabrairu 2018, Mugabe a Satumba 2019.

Gyara na farko, a 2017, ya maido wa shugaban ƙasa ikon zaɓen alƙalin alƙalai. Na biyu, a 2021, ya ba manyan alƙalai damar zama har shekara 75, ya kuma soke tsarin zaɓen shugaba tare da mataimakansa tun kafin a gwada shi ko sau ɗaya. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama kan waɗannan ba, ƙuri'a aka kaɗa a majalisa.

A Oktoba 2024 babban taron ZANU-PF a Bulawayo ya zartar da ƙudirin a tsawaita mulkin Mnangagwa zuwa 2030, alhali a lokacin wa'adinsa na biyu a 2028 ne zai ƙare, shi kuma yana ta faɗa cewa ba ya neman tazarce. Sashe na 328 na kundin ya ce duk gyaran da ya tsawaita wa'adi ba zai amfani wanda ke kan kujera ba, kuma wannan shinge ba ya ɗaguwa sai da ƙuri'ar raba gardama. A lokacin da aka zartar da ƙudirin, ZANU-PF na da kashi biyu bisa uku a majalisar wakilai, babbar jam'iyyar adawa ta tarwatse, shugabancin SADC na karɓa-karɓa kuma yana hannun Mnangagwa kansa.